A Tambayi Yaran Me Littafi Ya Yi Musu

A ƙasar Hausa kowa yana da ta cewa a kan abin da matasa ke karantawa. Liman yana da tasa, malamin jami'a yana da tasa, hukumar tace littattafai ma haka. Wanda ba a cika jin bakinsa ba shi ne yaron da ya kwana da littafin a hannu. Matsayinmu a nan a fili yake: idan yarinya ta ajiye littafi ta ce "wallahi na tsani mutumin nan", ta fara nazari ke nan, kuma duk wanda ya rufe mata baki ya cuci adabin Hausa.

Wuri na farko da ake rufe bakin shi ne aji. Ɗalibi ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ji Malam Zurƙe ya fi burge shi a kan Alhaji Imam. Ɗaliba ta karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ji labarin uwar da ta ƙetare Sahara neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu, ya fi tsaya mata a rai fiye da labarin shehin kansa. Waɗannan abubuwa ne da za a iya cinye darasi guda ana gardama a kansu. To amma malami yana sauri, WAEC da NECO suna tafe. Sai a rubuta jigo da warwarar jigo da zubi da tsari da salo a allo, a ce a kwafe. Yaro ya fita sakandare da fahimtar cewa littafi abin haddacewa ne, kuma abin da ya ji a ransa ba ya cikin manhaja.

Wuri na biyu shi ne bakin masu kishin tarbiyya. Tun farkon shekarun 1990 ake zargin littattafan soyayya da ɓata 'yan mata. An ce In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana koya musu bijire wa iyaye, saboda Sumayya ta faɗa rijiya a kan auren da ba ta so. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jihar Kano ta kai ga ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. An tara jama'a, an yi jawabi, an cinna wuta. Da an zaunar da masu littattafan an tambaye su me ya sa suke ɓoye su a ƙarƙashin katifa, da an ji maganar auren dole da cire yarinya daga makaranta daga bakin waɗanda abin ya shafa. Yarinyar da ta yi kuka a kan Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, sau da yawa yayarta ta gani a ciki, ko kuma abin da take tsoron ya same ta. Wuta ta cinye takarda, abin da ya sa ta kuka yana nan.

Wuri na uku ya fi ba mu takaici, domin a cikin gida yake. A zamanin littattafan kasuwar Kano, marubuta da dama sukan sa adireshinsu, har su buga wasiƙun masu karatu a ƙarshen littafi. Yau da labari ya koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, mai karatu yana iya mayar da martani a minti ɗaya. Amma me ake so ya ce? "Allah ya ƙara basira." "Muna jiran ci gaba." Ranar da wata ta ce ba ta gane yadda jaruma ta yafe wa mijin da ya wulaƙanta ta cikin shafi biyu ba, sai masoyan marubuciya su yi mata caa, a kira ta mahassadiya, wani lokaci a cire ta daga zauren da ta biya kuɗi ta shiga. Marubucin da ya saba da tafi kawai, littafinsa na goma ba zai fi na farko ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ra'ayin yara ɗanye ne. Suna son jarumi mai kuɗi da dogon hanci, suna rububin labarin da aka cika da batsa, suna auna littafi da yawan hawayen da ya sa su. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce hujjarmu. Ɗanyen ra'ayi ba ya nuna a cikin duhu. Yarinyar da ta ce tana son jarumin saboda motocinsa, a tambaye ta: to da talaka ne ya mari matarsa haka, za ki so shi? Nan take za ta tsaya ta yi tunani. Wanda aka hana shi faɗa kuwa zai ci gaba da karanta abinsa a waya cikin bargo, ba mai ja da shi, ba mai nuna masa wanda ya fi.

Ku dubi ƙarshen Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta tsaya da ƙafarta, da duniya ta juya masa baya kuma aka matsa mata ta koma. Ba wa matasa biyar wannan littafin, za ka ji mai cewa an zalunce ta sau biyu, da mai cewa saboda yara ta yi, da mai cewa marubuciyar da gangan ta bar mu da ɗacin. Babu wanda ya san kalmar "warwarar jigo" a cikinsu, amma aikin da suke yi ke nan.

Don haka buƙatarmu ba ta da tsada. Malamin Hausa ya ware minti goma kafin ya ɗauki alli, ya ce: wa kuka fi so a labarin nan, kuma me ya sa? Uwa da uba, kafin ku ƙwace waya, ku ce a ba ku labarin. Marubuta, ku bar mai suka a zaurenku, shi ne ya karanta da idon basira. Ku kuma matasa, kada ku tsaya a "ya yi daɗi". Ku faɗi wurin da ya yi daɗin, da wurin da kuka ji marubuci ya yi muku wayo, ku rubuta ko da layi goma ne, ku sa sunan littafin da dalilinku. Idan wani ya ja da ku, ku koma shafin ku sake dubawa.