Awon ido sana'a ce, mu nemi masu ita

Kowace shekara, idan muka fita rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci, muna tarar da abu guda. Magidanci mai shekara 45 ya fara karatu da himma, bayan wata ɗaya ya daina zuwa. In an tambaye shi, sai ya ce kansa ya tsufa, ba ya ɗaukar karatu. Sau da yawa kuwa kan lafiya lau yake, ido ne ya gaza. Daga shekara 40 zuwa sama, ƙwayar da ke cikin ido takan rage laushi, sai abin da ke kusa ya riƙa dushewa. Shi ya sa mutum yake nisanta takarda da fuskarsa. Uwargida ta kasa zura zare a allura. Manomi ya kasa karanta ƙananan baƙaƙen da ke jikin kwalbar maganin ƙwari.

Wannan matsala tana da magani, kuma akwai masu sana'arta, wato masu awon ido. Sana'ar ta daɗe. Kusan shekara 1000 da suka wuce, wani malami haifaffen Basra da ya zauna Alƙahira, Ibnul Haisam, ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido har mutum ya gani. Wajen shekara ta 1286 aka ƙera madubin ido na farko a ƙasar Italiya. Da aka fara buga littattafai da inji a Turai wajen 1450, masu karatu suka yawaita, masu neman madubi ma suka yawaita. A lokacin, ƴan koli ke yawo da shi, mai saye ya yi ta gwadawa har ya dace.

Daga baya aka ga cewa kintace bai isa ba. A 1862 wani likitan ƙasar Holand mai suna Sinelan ya fito da allon awon gani, mai manyan baƙaƙe a sama, ƙanana a ƙasa. A 1901 jihar Minesota ta Amurka ta kafa dokar aikin awon ido. A Najeriya an yi irin wannan doka a 1989. A Bamako kuma akwai cibiyar ciwon ido da aka buɗe a 1953, inda ake horar da ma'aikatan ido na ƙasashenmu.

Amma a kasuwanninmu har yanzu kintacen nan ake yi. Gaskiya ne, madubin kasuwa yakan taimaki wasu su ga rubutu. Sai dai mai tebur ba ya auna kowane ido dabam, kuma ba ya gane cuta. Akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Akwai yanar ido, wadda aiki ke cire ta. Mai awon ido yakan gano irin waɗannan, ya tura mutum wurin likitan ido tun da sauran lokaci.

Kada wani ya ce bai iya karatu ba, don haka ba za a iya auna shi ba. Akwai allo mai alama guda mai ƙafa uku. Mutum zai nuna da hannu inda ƙafafun suka fuskanta, shi ke nan.

Ra'ayinmu shi ne, kafin a buɗe karatun rani, a auna idon duk ɗalibin da ya kai shekara 40. Kwamitin gari da malamin cibiya su haɗa kai da gidan likita mafi kusa, a sa rana. Wanda ke ware kuɗin iri da taki bayan girbi, ya ware na awon ido. Malamai kuma, in ɗalibi ya ce ya gaji, ku fara tambayarsa yadda yake ganin rubutun littafinsa. Rigakafi ya fi magani.