Zauren Iyali: Kafin A Ɗora Tubalin Madafa, A Tambayi Mai Girki

A wannan fitowa mun juya akalarmu zuwa ga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, na Dindir da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira. Da yawa daga cikinsu jikokin waɗanda suka yi hijira gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ci Dindir a 2024, ya raba dubban iyalai da muhallansu. Duk wanda Allah Ya nufa da komawa ya tada gidansa, muna ba shi shawara kada ya bar madafa a ƙarshen lissafi, kamar yadda muka saba.

Al'adarmu ce maigida ya kira magini su tsara zaure da turaka, ragowar kara da langa-langa kuma a jingina su a wata kusurwa a ce ga madafa. Alhali a nan uwargida take yini, ga goyo a baya, tana fifita wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2. Saboda haka matakin farko shi ne shawara da mai girkin, domin ita ta san inda hayaƙi yake taruwa da inda ƙafa take tuntuɓe.

Sai zaɓen wuri. A wannan yanki iskar rani daga arewa take busowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. In akwai hali, a sa madafa kudu da ɗakunan kwana, don kada iska ta ɗauki tartsatsi zuwa jinka lokacin da shuci ya bushe. Ƙofa kada ta fuskanci inda ruwan sama yake bugowa. A bar taga biyu masu kallon juna, ɗaya can sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake nema. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai kumbura da damina, don haka a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, a fitar da makwararar ruwan wanke-wanke nesa da gindin bango.

A ciki kuwa, murhu da randa da ma'ajiyar hatsi su kasance kusa da juna, ba tare da hanyar yara ta ratsa tsakaninsu ba. Doka, wato kaskon da ake yin kisira a kansa, a ba ta gefenta daban da murhun tuwo. Itace da gawayi su zauna a waje ƙarƙashin rumfa. Wuƙa da ashana da kananzir a ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, a ware wa kowacce ma'ajiyarta, don wannan ma yana cikin adalci, kuma yana kashe husuma tun ba ta tashi ba. Inda babu lantarki, a tanadi wuri mai inuwa da iska don tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Muhammad Bah Abba na Nijeriya ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana sa tumatir da kuɓewa su yi kwanaki ba su lalace ba.

Daga ƙarshe muna tunatar da kanmu cewa ya inganta a Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kashe wuta kafin barci. A ajiye bokitin yashi kusa da murhu, a kuma tabbatar garwashi ya mutu kafin a rufe ƙofa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya tsare iyalanmu daga gobara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.