Zanen Mafarki Ba Hauka Ba Ne

Akwai waɗansu mutane waɗanda in aka nuna musu hoton da mai zane ya yi na abin da ya gani a mafarki, sai su bushe da dariya, su ce wannan aikin mahaukaci ne, ko yaron goye ya iya. Lalle ba su yi adalci ba.

A 1900 wani likita a birnin Biyana, Sigmund Freud, ya fitar da littafi a kan mafarki, ya ce zuciya tana da wani lungu inda ta ke ɓoye tsoro da buri, ba ya buɗewa sai barci ya zo. Masu zane suka kama wannan magana. A 1931 Salvador Dali, mutumin Sifen, ya zana agoguna sun narke kamar man shanu a rana. Ai duk wanda ya taɓa mafarki ya san lokaci ba ya tafiya daidai a cikinsa. To, ina ƙarya a nan?

Masu dariya su kan ce wannan shashancin Turawa ne. Sai su dubi Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malami, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Ya koyi zane a London, ya komo ya ɗauki baƙaƙen Larabci irin na allo, yana jansu har su zama fuskoki masu ramin ido. Tsakanin 1961 da 1965 ya yi wani babban zane a kan mafarkan ƙuruciya. A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kobar wajen wata shida ba shari'a. Can ya riƙa zane a kan guntayen takarda, yana binnewa cikin ƙasa don kada masu gadi su gani. Mutum ba ya sayar da ransa saboda wasan yara. A 2013 gidan ajiyar zane na Tate Modern a London ya baje aikinsa.

Abin mamaki, mai dariyar nan shi ne in ya yi mugun mafarki, da asuba ya tafi wurin malam neman fassara. Ya yarda mafarki yana da ma'ana in an faɗa da baki, amma ya ƙi yarda in an zana da hannu. Kyamara tana ɗaukar fuska, ba ta ɗaukar fargaba. Wanda bai gane zane ba, ya tsaya ya ƙara dubawa, gama rashin sani ya fi dare duhu.