Bindigar iska ma bindiga ce: karanta wannan kafin ka yi oda

In dai kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani Bature ko mutumin Turkiyya ya buɗe dogon kwali, ya zaro bindiga baƙa sumul, ya ɗora mata madubin hange, ya ɗan juya wani kusa, sai ka ga ya fasa ƙwai daga nisan mita 50. Babu ƙara, babu hayaƙi. Sunayen kamfanonin ma sun fara zama a bakin samarinmu: Hatsan, Kral, Gamo, Diana. Ka gangara wajen sharhi, za ka tarar da namu suna tambayar kuɗinta da ko ana kawowa Sakkwato. Can kuma wani gwanin sani zai amsa da cewa ai ta iska ce, ba ruwanta da lasisi.

Ɗan'uwa, wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. In kana Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe ko Kuchi, kuma ranka ya biya, ina so ka san abin da za ka saya tun kafin ka tura kuɗi. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a yankinmu, a wannan lokaci, bindigar iska mai ƙarfi bindiga ce a idon doka, bindiga ce a jikin wanda ta sama, bindiga ce kuma a idon jami'in da ke tsaye a shingen bincike. Wanda ya ɗauke ta a matsayin danƙon harbin tsuntsu na zamani, shi ne zai fara shan wahalarta.

Mu fara da doka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta raba bindigogi gida 3. Na farko makaman da aka haramta wa farar hula, irin na yaƙi. Na biyu bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato su adaka da harba-ruga. To, a wane gida kake zaton bindigar iska take? A gida na biyu, layi ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, kuma dokar ta ambace ta da suna. Wanda aka kama da irinta ba lasisi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ma ba shi lasisin. Bayan haka, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin bindiga. Ƙaramar bindigar iska ta hannu kuwa tana cikin kayan da kwastam ta haramta shigo da su ƙasar nan kwata-kwata. Saboda haka duk dillalin da ya ce maka "ba matsala" a WhatsApp, ka tambaye shi ko zai raka ka ofishin 'yan sanda ranar da aka tare ka. Kai ne za ka fara zuwa can da ƙafarka, ka ji inda maganar lasisi ta kwana, kafin kobonka ya fita.

Wani zai ce doka ce kawai ta tsananta, abin wasan yara ne. Bari mu yi lissafi. Ana auna ƙarfin harbi da ma'aunin da ake kira jul. A Jamus, bindigar iskar da baligi zai saya ba lasisi ba ta wuce jul 7.5. A Ingila iyakar kusan jul 16 ce, in ta haura sai da takardar mallakar bindiga. A Sikotilan ma, tun ƙarshen 2016 ake neman lasisi har ga marasa ƙarfin, bayan da aka daɗe ana matsa wa gwamnati lamba saboda wani yaro ɗan shekara 2 da harsashin bindigar iska ya kashe a birnin Gilasgo a 2005. Yanzu dubi wadda kake kallo a bidiyo. Ƙwayar dalmarta mai faɗin milimita 5.5 tana da nauyin kusan giram 1, in ta fita da gudun mita 280 a sakan ɗaya, ƙarfinta ya kusa jul 40. Ya ninka iyakar Ingila fiye da sau 2, ya ninka ta Jamus sau 5. Irin wannan tana huda fata, tana fasa ido, tana iya shiga kan yaro. Kuma ka sani, tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe bindigar iska ƙirar Girandoni a fagen yaƙi. Rashin albarushi bai taɓa mayar da ita abin wasa ba.

Sai kuma abin da ya fi damuna, wato inda muke zaune. Bature yana gwada tasa a gonar bayan gidansa, maƙwabcinsa ya ɗaga masa hannu su gaisa. Kai kuwa kana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ko kana Kebbe, iyaka da Zamfara, inda mutane suka shekara suna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga. Sababbin bindigogin iskar nan da gangan ake ƙera su baƙaƙe, da madubi da dogon hanci, don su yi kama da na sojoji, saboda haka suka fi shiga kasuwa. Ka hau babur da ita a kafaɗa bayan magariba, ka tunkari shinge. Kana zaton sojan da ya rasa abokan aikinsa a dajin nan zai tsaya tantance ko iska ce a cikinta ko albarushi? Ko 'yan sintirin ƙauyen da aka kwashe wa shanu makon jiya?

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare motar wasu mafarauta 'yan jihar Kano da ke hanyar komawa gida hutun sallah, aka ga bindigogin gargajiya a wurinsu, aka yi musu taron dangi aka kashe 16. Zalunci ne tsantsa, babu abin da zai wanke waɗanda suka aikata shi. Amma darasin da ke ciki shi ne, a ƙasar da tsoro ya cika zukata, ganin bindiga kaɗai ya isa a yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki. A watan Janairun shekarar kuma, a Tungar Kara ta jihar Zamfara, jirgin yaƙi ya yi kuskuren luguden wuta kan mutanen gari da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Ga kuma batun hoto. Gaskiya mu faɗa wa juna, rabin masu son abin nan ba farauta ce ta dame su ba, sitatus ne. A sa baƙin gilashi, a rungume bindiga, a ɗora waƙa a ƙasa, a jira mabiya su ƙaru. To ka tuna cewa 'yan bindigar daji ma haka suke yi a TikTok, suna nuna makamai da damman kuɗi, kuma jami'an tsaro suna bibiyar irin waɗannan shafuka. Hotonka ba ya zuwa da bayanin cewa ta iska ce. Ranar da aka sace wani a unguwarku, ko wani mai jin haushinka ya so ya haɗa ka da hukuma, wannan hoton zai tura. Kai ka goge naka, amma wanda ya adana a wayarsa ba zai goge ba. Gobe kana neman aikin ɗan sanda, ko biza, ko auren 'yar mutane, sai hoton ya riga ka isa.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ransa a ɓace. Zai ce: malam, kai kana maganar doka, mu an ɗauke mahaifinmu daga gona, mun sayar da shanu mun biya fansa, me kake so mu riƙe, tsintsiya? Wallahi ban raina wannan ciwon ba, kuma wanda bai taɓa kwana a daji don gudun hari ba bai kamata ya yi wa wanda ya kwana wa'azin haƙuri da saurin baki ba. Sai dai ka dubi lissafin nan. Harsashin AK-47 yana fita da ƙarfin da ya kai wajen jul 2,000, kuma gidan harsashinta yana cin 30. Taka jul 40 ce. Idan ka leƙo da ita ta kan katanga, ka sanar da maharan cewa akwai mai bindiga a gidan nan, alhali abin da ke hannunka ba zai tsayar da su ba. Ka jawo wa iyalinka wutar da ba ka da ruwan kashe ta. In da gaske kare gari kake so, akwai ƙofar da doka ta buɗe: gwamnatin Ahmad Aliyu ta kafa rundunar tsaron al'umma ta jihar Sakkwato, wadda ta fara aiki a 2024, ana tantance mutum, a horar da shi, a san da zamansa. Ka tuna kuma cewa gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a 2021 ne saboda yadda ɗaukar doka a hannu ya riƙa haifar da ramuwar gayya.

To idan kana da ita ta hanyar da ta dace fa, da takardarka a hannu? Nan ma akwai magana, domin abin da bidiyo ke koya wa samari shi ne neman ƙarin ƙarfi, alhali gwanaye saiti suke nema. Kamfani zai rubuta a kwali cewa tana gudun ƙafa 1,200 a sakan, amma da ƙwaya mara nauyi ake samun wannan adadi, kuma ƙwayar dalma in ta kusanci gudun sauti sai ta fara tangal-tangal ta kauce hanya. Gwajin gaskiya mai sauƙi ne: takarda a nisan mita 25, buhunan yashi ko tsohuwar katangar ƙasa mai kauri a bayanta, ka harba 5 a wuri ɗaya, ka ga ko sun taru ko sun watse. Ka gwada ƙwaya iri daban-daban, don kowace bindiga da wadda ta fi karɓa. Ka duba kusoshin madubi ko sun saki. Yawancin abin da ake kira gyara bai wuce wannan ba.

Akwai kuma kurakuran da ke raba mutum da yatsu ko ido. Mai tukunyar iska ana cika ta har ma'aunin ba 200 ko fiye, tayar mota kuwa ba ta wuce 2 zuwa 3. Injin mai faci ba zai cika ta ba, sai wani ya ba ka shawarar ka je wurin mai walda a ɗura maka iskar oksijin. Kada ka kuskura. Oksijin in ya haɗu da maiko a irin wannan matsi, fashewa yake yi kamar bam. Kada ka bar ta cike a cikin mota a zafin watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Mai sifirin kuma, kada ka ɗiga mata baƙin mai ko man keken ɗinki a inda iska ke matsewa, kuma kada ka harba ta babu ƙwaya a ciki. Kada ka kai wa makeri ko bakanike ya buɗe ta don ya ƙara mata ƙarfi. Kada ka harbi dutse, ƙarfe ko saman ruwa, ƙwayar tana dawowa. Kada ka harba sama cikin gari, don tana tafiyar ɗaruruwan mita kafin ta sauko a tsakar gidan wani. Dalma guba ce, kada ka riƙe ta a baki kamar yadda wasu ke yi, ka wanke hannu kafin cin abinci. Sannan ka kulle ta inda ƙannenka ba za su kai ba, ƙwaya a wani wurin daban, domin yaro bai san bambancinta da ta roba da aka saya masa da sallah ba.

Maharban gargajiya ma ba haka kawai suke shiga daji ba. Suna da Sarkin Baka, suna da lokacin farauta, suna da wanda ake neman izininsa, yaro kuma sai ya daɗe yana ɗaukar wa babba jaka kafin a ba shi makami. Wanda ke harbin kurciya a bishiyar masallaci don ya ɗauki bidiyo bai gaji komai daga wannan tarbiyya ba. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka kare gero ko shinkafa da ita daga jan baki. Tsuntsun da ke zuwa dubu bisa dubu, ƙwaya ɗai-ɗai ba ta ko rage masa hanya.

Sha'awar iya saiti ba laifi ba ce, wasa ne da duniya ta san da shi. A gasar Olamfik ana harbi da bindigar iska mara ƙarfi daga mita 10, tsakiyar abin harin kuma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Da wannan wasan Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Najeriya ma tana da hukumar wasan harbi ta ƙasa. Yankin da ya haifi maharba tun kaka da kakanni ba zai rasa yaro mai ido da nutsuwar hannu ba. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai, kuma Sanata Aminu Waziri Tambuwal ɗan nan ne. Maimakon tura kuɗi ga dillalin da ba ka san fuskarsa ba, ku haɗu ku rubuta musu, ku nemi fili mai katanga a ƙarƙashin kulawar 'yan sanda da ma'aikatar wasanni, inda bindigogin za su kwana a ma'ajiya, matashi ya zo ya koya ya tafi gida hannu sake. Kafin a samu wannan, ka bar kuɗinka a aljihunka, ka kuma tura wa abokin nan naka da ya riga ya fara tambayar farashi.