Tsakar Gida a Zamanin Turawa: Giɓin da Labarin Soyayya Ya Kamata Ya Cike

Manazarta ƙagaggun labaran Hausa sun saba raba littattafai gida biyu: na tarihi da jarunta a gefe guda, na soyayya a ɗaya gefen. Rabon ya sauƙaƙa koyarwa, amma ya rufe wani giɓi. Zamanin mulkin mallaka, daga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 zuwa samun 'yanci a 1960, ya fi bayyana a zube ta fagen fama da fadar sarki. Abin da ya auku bayan zaure, tsakanin miji da uwargida da amarya da ƙwarƙwara, ba a cika ba shi littafi na kansa ba. Labarin soyayya mai jingina da tarihi shi ya fi cancanta ya ɗauki wannan nauyi, kuma tun shekarun 1930 aka haƙa masa harsashi.

Cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933 a Zariya, Ganɗoki na Bello Kagara ya tari Turawa da takobi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma zamanin bauta, amma abin da ya fi taɓa zuciya a cikinsa lamarin iyali ne, wato uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ya fi kusantar batun. Abubakar da Zainab suna son juna, Malam Shaihu mai dukiya da ke neman haihuwa ya shiga tsakani ya aure ta, ramuwar Abubakar kuma ta faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa, har ya zama ajalin mahaifinsa. A aji ana yawan taƙaita jigonsa ga ramuwar gayya. Tambayar da ke ƙarƙashinta ta fi nauyi: yaya dukiya ta rinjayi alkawari a gidan iyayen yarinya?

Littafin bai mai da Turawa jigonsa ba, amma an rubuta shi a lokacin da ma'anar dukiya ke sauyawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sule da kwabo suka ture wuri, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Saurayin da ya tafi ci-rani ko haƙar kuza a Jos yana iya haɗa kayan aure ba tare da jiran gandun mahaifinsa ba, kuma wannan ya rage ikon maigida a kan wa za a aura da yaushe. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan watan Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya ba sai 1936. A tsakani, kamar yadda Lovejoy da Hogendorn suka nuna, sa-ɗaka ta ci gaba. Gida guda yana iya ƙunsar uwa baiwa da 'yarta wadda doka ta 'yanta. Yunwar 1913 zuwa 1914 ma ta raba iyalai da dama. Kowane ɗaya daga waɗannan ya isa ya ɗauki littafi.

Madogara kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, cike yake da aure da saki da riƙon 'ya'ya da ƙawance. Barbara Cooper ta bi sauyin aure a Maraɗi ƙarƙashin Faransa. Takardun shari'ar alƙalai na gado da fansa da raba aure suna ajiye a taskokin tarihi, masu tarihi na karanta su, marubutan zube ba su cika leƙa su ba.

Akwai masu ganin cewa soyayya za ta shafa wa zamanin zuma, ta sa budurwar 1920 ta yi magana da bakin ɗalibar jami'a. Tsoron yana da tushe. Sai dai maganinsa bincike ne. Soyayyar wancan lokaci tana da nata harshe: dandali da tsarance, toshi, aiken ƙawa, da kunyar da ke hana mace kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Marubuciyar da ta san waɗannan ba ta bukatar aro. Kuma marubutan Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun riga sun nuna ƙwarewa wajen fito da siyasar kishi da auren dole. Abin da ya rage shi ne su juya wannan ido zuwa gidan kakanninsu.

Nauyin bai tsaya kan marubuta kaɗai ba. Muddin sassan Hausa suna kallon littafin soyayya a matsayin abin hira, sassan tarihi kuma suna kulle bincikensu cikin kundayen Ingilishi, to marubuci ba zai sami abin ginawa a kai ba. Lokaci kuma yana ƙurewa: yarinyar da aka kai ɗakin miji a 1959 ta kai shekara 80 ko ta doshe ta. Abin da ba a ɗauka daga bakinta yanzu ba, gobe sai dai a ƙaga shi da ka.