Yariman Farisa da minti sittin

A shekarar 1989 ne wani saurayi Ba'amurke, Jordan Mechner, ya fito da wasan Prince of Persia bisa na'urar Apple II. Labarin kamar daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo shi: Sarki ya tafi yaƙi, waziri Jaffar ya tsare gimbiya, ya yanka mata wa'adin awa guda, ko ta aure shi ko ta mutu. Masoyinta kuwa yana cikin kurkuku.

Mechner ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya zana motsin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yariman ke tafiya tamkar ɗan Adam. Amma babban abin da ya riƙe zukata shi ne agogo. Minti sittin ɗin na gaskiya ne: in yarima ya faɗa rami, sai ya sake hawa, lokacin da ya ɓata kuwa ya tafi ke nan.

A 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da sabon kashi. Duk da haka tsofaffin ƴan wasa suna komawa ga na farko, domin can ne kowane kuskure ke da farashi. Rana dai ba ta ƙarya.