Sharhi: Idan an harba taurari ɗari a roka ɗaya, wa ke gane nasa?

A ranar 16 ga watan Agusta 2024 ƙasar Senegal ta samu tauraron ɗan Adam nata na farko, mai suna GAINDESAT-1A. Sai dai ba shi kaɗai ya tashi ba. Rokar kamfanin SpaceX da ta ɗauke shi daga sansanin Vandenberg na jihar Kalifoniya a Amurka ta kwashi wasu fiye da 100 a tafiya guda, kamar motar kasuwa. Wata ɗaya bayan haka, a Satumba 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Bamako kan yarjejeniyar taurarin ɗan Adam da kamfanin Glavkosmos na Rasha. Ke nan maganar sama ta zo ƙofar gidanmu, kuma akwai wani lungu nata da ba a cika faɗa ba: bayan an harba, ta yaya mai tauraro zai gane nasa a cikin garke?

A da, tauraro ɗaya ya kai girman mota. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fito da tsarin CubeSat, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da ɗan wani abu. Da wannan ne jami'o'i da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka samu shiga. Ghana da Najeriya sun samu irinsa a 2017, GhanaSat-1 da NigeriaEduSat-1, da taimakon wata jami'ar Japan. Tunda ƙanana ne, sai ake haɗa su a roka ɗaya a raba kuɗin mota. Indiya ta harba 104 a tashi guda a Fabrairu 2017, SpaceX kuma 143 a Janairu 2021.

To, nan gizo ke saƙar. Sojojin sararin samaniya na Amurka su ne ke bin abubuwan da ke kewaya duniya da na'urar rada, suna ba kowane lamba, suna wallafa hanyar da yake bi. Amma rada ba ta karanta suna. Abin da take gani shi ne akwatuna masu kama da juna suna gudu a jere, sai ta rubuta su “abu A”, “abu B”, “abu C”. A kwanakin farko duk suna tafiya a dunƙule, ko ina ka saita eriya za ka ji naka. Da an yi sati biyu ko uku sai su warwatse. Wanda ya bi lambar da ba tasa ba zai yi ta saita eriya inda babu komai, alhali tauraro bai fi minti 10 yake yi a saman gari ba kafin ya ɓace. Idan yana da matsalar batir ko yana jiran umarni daga ƙasa, wannan jinkiri na iya kashe aikin shekaru. A harbin SSO-A na Disamba 2018, mai taurari 64, an yi watanni wasu ba a tantance ko na wane ne ba.

Masu cike wannan giɓi galibi ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mutane ne masu sha'awar rediyo, waɗanda ke kafa eriya a rufin gida don son abin. Tarihinsu ya daɗe: su ne suka riƙa jin kukan Sputnik na Tarayyar Sobiyet tun Oktoba 1957, kuma a Disamba 1961 aka harba nasu tauraron, OSCAR 1.

Dabarar tasu kowa ya san tushenta. Idan kana bakin kwalta babur ɗin kabu-kabu ya taho a guje, ƙararsa siririya ce; da ya wuce ka sai ta yi kauri. Haka siginar rediyo take. Ƙaramin tauraro na gudun kusan kilomita 7 da rabi a daƙiƙa ɗaya, yana kewaya duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Idan yana magana a kan megahaz 437, siginarsa kan hau da kusan kilohaz 10 lokacin da yake tahowa, ta sauka da kamar haka idan yana tafiya. Mai saurare sai ya naɗi wannan hawa da sauka, ya gwada shi da hanyar abu A, da ta B, da ta C. Wadda ta dace daidai, ita ce ta tauraron. Sunansa kuwa yana cikin saƙon da yake aikowa, don kowane yana faɗin alamar kiransa. Sai a haɗa lamba da suna, a sanar da mai shi.

Kayan aikin ma ba wani tsada gare su ba. Akwai wata ƴar na'ura mai kama da kile ta USB, RTL-SDR, wadda asalinta ta kallon talabijin ce. Kuɗinta kusan dalar Amurka 30, wato ƙasa da jika 20. Sai eriya da ƙaramar kwamfuta da intanet. Wata ƙungiya a ƙasar Girka, Libre Space Foundation, ta haɗa ɗaruruwan irin waɗannan tashoshi a tsarin SatNOGS, kuma abin da suka ji a buɗe yake ga kowa. Kar a raina su: a Janairu 2018 wani ɗan Kanada, Scott Tilley, ya jiyo tauraron IMAGE na hukumar NASA, wanda aka ɗauka ya mutu tun 2005.

Me ya shafe mu? Abu na farko, wanda ya duba taswirar tashoshin SatNOGS zai ga sun cika Turai da Arewacin Amurka, Afirka kuwa ƴan ɗigo ne. Tauraro na ratsa saman Sahel babu mai jin sa. Tasha ɗaya a jami'ar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, za ta ba duniya labarin da ba ta samu, ta kuma koya wa ɗalibai aiki da hannunsu.

Na biyu, maganar ƴancin kai. Ƙasar da ta sayi tauraro amma ba ta da ƴaƴan da za su ce ga inda yake, ga abin da yake faɗi, tana nan dai a hannun wanda ya sayar mata. Gaskiya ne babban tauraron sadarwa ba ya ɓata cikin garke irin na CubeSat, kuma tashar ƙasa da yake buƙata ta fi ƙarfin eriyar rufin gida. Amma injiniyan da zai riƙe babbar tasha gobe, da ƙarama yake fara koyo. Muna da cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda ke aiki da hotunan taurari wajen bin damina da makiyaya da fara, don haka amfanin abin ba baƙo ba ne ga manomi da makiyayi.

Na uku, doka. A halin tsaro da ake ciki, wanda ya kafa baƙuwar eriya ba tare da an san shi ba na iya jawo wa kansa zargi. Aika saƙo a kan zangon masu sha'awar rediyo sai da izini, kuma hukumar ARCEP ce ke kula da zangon rediyo a Nijar. Alamar kiran ƙasarmu tana farawa da 5U. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta makaranta ko ƙungiya mai rajista, a sanar da hukuma tun farko.

Ga ƴan uwa mazauna waje da ke tambayar me za su aiko wa makarantar garinsu, ga shawara: ƴar na'urar nan, da kwamfuta, da farantin sola. Sauran aiki na malami ne da ɗalibansa, da kuma hukuma ta sauƙaƙa musu takarda.